Gandun Dajin Gwamnati: Me Aka Hana, Me Aka Bari? Tambayoyi da Amsoshi Kan Yankari da Sauran Gandaye

Wanda ke birni ya ji an ce Yankari, abin da ke zuwa ransa wanka ne a ruwan Wikki da hoton giwa. Wanda gonarsa ke bakin iyakar gandun kuwa, abin da ke zuwa ransa shi ne dawarsa da aka tattake cikin dare, ko shanun ɗan'uwansa da aka kama. Dukkansu gaskiya suka gani. Tambayoyin da ke ƙasa na manomi ne da makiyayi da maharbi da mai zuwa yawon buɗe ido, kuma an fi kafa misali da Yankari saboda shi ne gandun da mutanen Arewa suka fi sani.

Gandun daji duk iri ɗaya ne?

A'a, kuma rashin bambancewa na jefa mutane cikin matsala. Akwai gandun ƙasa, wanda ke hannun gwamnatin tarayya ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa, kuma dokarsa ta fi kowacce tsauri. An daɗe ana lissafa guda bakwai: na Tafkin Kainji, Gashaka-Gumti, Kamuku da ke Birnin Gwari, na yankin Tafkin Chadi a Borno da Yobe, sai Kuros Riba, Okomu da Tsohuwar Oyo a Kudu. Gashaka-Gumti, da ya ratsa Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma, ya haura murabba'in kilomita 6,000. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ƙara goma, cikinsu har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, fadamar Haɗeja a Jigawa, Allawa a Neja da Pandam a Filato.

Sai gandun namun daji na jiha, irin su Yankari da Lame-Burra a Bauchi. Sai gandun itatuwa, wanda aka keɓe don bishiyoyi, inda ake iya ba da izinin ɗiban wasu abubuwa. Hurumin kiwo shi kuma daban ne gaba ɗaya, don makiyaya aka ware shi. Abin da ya halatta a ɗaya yana iya kai mutum kotu a ɗayan.

Yankari na tarayya ne ko na Bauchi?

Yanzu na Bauchi ne. An keɓe shi a 1956 zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe wa baƙi a watan Disamba na 1962. A 1991 tarayya ta karɓe shi ya zama gandun ƙasa, sannan a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, mafi yawansa cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aikin sintiri da kare dabbobi tare da gwamnatin jihar bisa yarjejeniya.

A taƙaice, me doka ta hana a cikin gandu?

Abu na farko, shiga ma kanta. Ba a shiga sai da izini, kuma ta ƙofar da aka sani. Bayan haka an hana farauta da kama dabba da rai, ɗana tarko, zuba guba, su, kiwo, noma, sare itace, yin gawayi, haƙar ma'adinai, cinna wuta, gina gida ko bukka, da gurɓata ruwa. An hana shiga da bindiga, kwari da baka, ko abin fashewa. Ko ƙwan tsuntsu ko ƙahon dabbar da ta mutu da kanta ba naka ba ne ka ɗauka. Ga gandayen tarayya, dokar 1999 ce ta tsara waɗannan. Jihohin Arewa kuma galibi sun gaji Dokar Namun Daji ta 1963, kowace da gyare-gyarenta.

Daji na Allah ne. Da wane dalili gwamnati za ta killace shi ta hana talaka?

Wannan tambaya ce mai nauyi, bai kamata a amsa ta da tsawa ba. Amma keɓe wuri don amfanin jama'a ba Bature ne ya kawo mana shi ba. Duk wanda ya karanta Arba'una Hadisi ya san misalin makiyayin da ke kiwo a gefen hurumin sarki har ya kusa faɗawa ciki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'i kusa da Madina don dawakan Musulmi, kuma a Haramin Makka ba a farauta, ba a sare bishiya. A gargajiyarmu ma, Sarkin Ruwa kan rufe gulbi ya hana su har sai lokaci ya yi. Haka ake yi wa kogin Matan Fada a Argungu, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa ranar biki.

Inda mai tambayar ke da gaskiya shi ne, hurumin da shari'a ta sani na maslahar jama'a ne, kuma mutanen wurin sun san dalilinsa. Da yawa daga gandayenmu an shata su ne ba tare da an zauna da waɗanda ke cin abinci a dajin ba, ga yawan jama'a ya ninka sau da yawa tun daga lokacin. Ƙauyen da ke da gida ashirin sa'ad da aka ja iyaka yau gari ne guda. Saboda haka hujjar killacewa tana nan, amma nauyin da ke kan hukuma na kyautata wa maƙwabtan gandu shi ma yana nan, kuma an fi yawan manta na biyun.

Ni makiyayi ne. Ciyawa ce kawai shanuna za su ci, ba zan taɓa dabba ko ɗaya ba. Ina laifin?

Malam, ba wanda ya ce da mugun nufi ka shiga. Matsalar ita ce lokacin da ka fi buƙatar gandun shi ne lokacin da namun dajin ma suka fi buƙatarsa. Daga Fabrairu zuwa farkon damina, ruwa da ɗanyar ciyawa sun ƙare ko'ina sai bakin Gaji. Nan ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza ke taruwa. Garke goma suka sauka wurin na mako biyu, sai dabbobin su watse zuwa inda ba ruwa, ko su fita iyaka su faɗa hannun maharba.

Sai maganar cuta, wadda ke tafiya ta kowane ɓangare. Annobar bushiya ta farkon shekarun 1980, da ta ƙarar da garake a Arewa, ta kashe ɓauna masu yawa a Yankari. Shanun da suka shiga kurmin bakin kogi kuma su kan fito da sammore daga cizon tsando, mai su ya ƙare a sayen magani.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ciwo. Zaki ya kama saniya, ran mai ita ya ɓaci, sai a zuba maganin ƙwari a mushen. Gawa ɗaya mai guba tana iya kashe zakanya da 'ya'yanta, da kuraye, da ungulaye masu yawa a yini guda. A duk Najeriya zakunan da suka rage ba su kai hamsin ba, kuma a Yankari da Kainji kawai ake samun su. Ban da haka, akan sassare rassan bishiya irin su maɗaci da kawo don ba dabbobi ganye, bishiyar ta yi shekaru ba ta farfaɗo ba.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗora wa makiyayi laifin duka. Burtalin da kakansa ke bi an nome shi, hurumin kiwo an yanka filaye, mashaya ta zama lambu. Mutumin da aka toshe wa kowace hanya zai bi wadda ta rage, ko da akwai ɗauri a ƙarshenta. Jihar da ke son shanu su daina shiga gandu, sai ta buɗe burtali, ta haƙa mashaya a wajen iyaka, ta kai rigakafi. Kame kaɗai an shekara da shekaru ana yi, shanu ba su daina shiga ba.

Farauta sana'ar gidanmu ce. Shin an haramta ta ke nan?

A cikin gandu, ƙwarai, babu wani lasisi da zai ba ka dama. A wajen gandu kuma dokar 1963 ta kasa dabbobi kashi-kashi: akwai waɗanda ba a taɓawa sam, akwai waɗanda sai da lasisi daga ma'aikatar jiha. Akwai kuma hanyoyin da aka hana ko a ina ne, kamar guba, kewaye daji da wuta, da haske wa dabba fitila cikin dare.

Tsofaffin maharba sun san ƙa'ida tun kafin takarda ta zo: ba a harbin mai ciki, ba a harbin mai shayarwa, kuma akwai lokacin da Sarkin Baka ke cewa a ajiye kwari. Abin da ya canza shi ne kasuwa. Da, mutum na neman na miya ne. Yanzu dillali ne ke ba da harsashi da babur, a banɗare nama buhu-buhu a kai birni. Tarkon waya kuma ba ya zaɓe. An ɗana wa gada, sai ya kama ƙafar zaki ko hancin ɗan giwa, dabbar ta yi kwanaki tana ruɓewa da rai. Gandaye da dama sun ɗauki tsofaffin maharba aikin sintiri, kuma a ganina wannan na daga cikin dabarun da suka fi hankali, domin babu mai karanta sawu kamarsu.

To zuma fa, ko saiwar magani, ko busasshen itace?

A gandun ƙasa da irin Yankari, duka sai da izini, kuma galibi ba a bayarwa. Mai ɗiban zuma da wuta yake aiki, sau da yawa kuma ya kan kayar da bishiyar. Busasshen icen da kake gani a yashe gidan gara ne da ƙadangaru da tsuntsaye, idan ya ruɓe shi ne takin ƙasar. Amma gaskiyar magana, dalilin da ya fi ƙarfi shi ne ma'aikaci ba zai iya bambance mai neman saiwa da mai duba tarko ba. Mai gawayi da mai yankan madobiya kuwa ba su da abin faɗa. Madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, an yi mata wawaso a Taraba da maƙwabta aka yi ta lodinta zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya.

An hana mu cinna wuta, amma mun ga ma'aikatan da kansu suna ƙona daji.

Haka ne, kuma da dalili. Su da farkon rani suke yi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin ciyawa na da sauran danshi. Wutar ba ta da zafi, ta kan ci tsalli-tsalli ta mutu da kanta, ta bar tohon da dabbobi za su ci, ta kuma zama katanga ga gobarar da za ta zo daga baya. Wutar Maris da iska ke kaɗawa ita ce mai cinye ƙananan bishiyoyi da sheƙar tsuntsaye da duk abin da ba ya iya gudu.

Giwaye sun fito sun cinye mini gona. Wa zai biya ni?

Nan ne duk wata magana mai daɗi kan kare namun daji ke fuskantar jarrabawa. Giwa babba na cin abin da ya haura kilo 100 a yini. Garke ya kwana a gonar dawa ko masara ana gab da girbi, abincin shekarar gidan ya tafi kafin asuba. Giwa ba ta san iyaka ba, Yankari kuma ba shi da shinge.

Abin da ya kamata ka yi: ka sanar da mai unguwa ko dagaci da ofishin gandun nan take, a zo a ga ɓarnar da ido, a rubuta, ka ɗauki hoto da waya. Kada ka tunkari garken, musamman idan akwai 'ya'ya, kuma kada a taru ana jifa, don giwar da aka rutsa ita ke kisa. A Yankari an sanya wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam domin a san inda garke ya nufa, an kuma ɗauki mutanen ƙauyuka da ke kai rahoto su kuma gargaɗi manoma. Wannan na rage ɓarna, amma ba ya mayar da hatsin da aka riga aka ci.

Batun diyya kuwa, kada a yaudare ka: ba abu ne da manomi zai dogara da shi ba. Wani lokaci a kawo tallafi, sau da yawa shiru. Ni a wurina wannan ne babban gibin tsarin gaba ɗaya. Giwayen Yankari, da ake ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba, suna cikin garake na ƙarshe da suka rage wa Najeriya, wato dukiyar ƙasa ce baki ɗaya. Giwa na ɗaukar ciki wata 22, ta yi shekaru kafin ta sake haihuwa, don haka kowace ɗaya da aka rasa ba ta da saurin mayewa. To idan dukiyar kowa ce, bai dace a bar talaka ɗaya a ƙauyen Alkaleri ya riƙa ciyar da ita daga rumbunsa ba. Wani kaso sananne na kuɗin ƙofa da na masauki ya kamata a ware a rubuce don wannan, a kuma biya cikin daminar da aka yi ɓarnar.

Idan dabba ta auka mini, ba ni da ikon kare kaina?

Kana da shi, rai ya fi komai. Amma kare kai daban, ramuwa daban. Wanda ya bi sawun dabba washegari ya harbe ta, farauta ya yi. Idan ta kama dole aka kashe, a kai rahoto nan da nan, kuma haure da fata na hukuma ne.

Ba ni na kashe ba, saya na yi. Fatar damisa ko haure ko ɗan biri a gida laifi ne?

Laifi ne. Dokar 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka ƙara wa tsauri a 2016, ta shafi mai saye da mai sayarwa da mai ajiya, ba maharbi kaɗai ba. Najeriya na cikin yarjejeniyar CITES da ta tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, amma ta yi ƙaurin suna a matsayin mashigar haure da ɓawon ɗan-kunya zuwa Asiya. A Oktoban 2023 gwamnati ta ƙona kusan tan 4 na ɓawon ɗan-kunya a Abuja, a Janairun 2024 kuma ta niƙe haure tan 2.5. Masu sayen kan ungulu don tsibbu su ma su sani suna cikin wannan lissafi; ku duba mahautar garinku ku tuna yaushe rabon da ku ga ungulu.

An kama ɗana a cikin gandu. Me zai biyo baya?

Ma'aikatan gandu na da ikon kamawa da ƙwace makami, nama, babur ko dabbobi, sannan su miƙa mutum kotu. Hukuncin tara ne ko ɗauri ko duka biyun, gwargwadon laifin. Wanda aka kama da haure ba ɗaya yake da wanda aka kama da ɗaurin ciyawa ba. Ku nemi sanin inda aka ajiye shi da abin da ake tuhumarsa, ku tafi da mai unguwa ko Arɗo. Duk kuɗin da za a biya a karɓi rasit. Doka ba ta ba kowa ikon duka ko harbin dabbar mutum don huce haushi ba. A ɗaya gefen kuma, a tuna cewa masu sintirin nan 'ya'yan talakawa ne, suna kwana a daji da ƙaramin albashi, kuma an kashe da dama daga cikinsu a bakin aiki.

Akwai inda mutane da namun daji ke zaune tare ba tare da kora ba?

Akwai. A Gashaka-Gumti, lokacin da aka shata gandun an bar wasu yankuna a kan tsaunuka inda Fulani da manoma ke ci gaba da zama bisa sharuɗɗa. Misalin da ya fi burge ni kuwa yana Nijar, a yankin Kure gabas da Yamai. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe a can suke, ba cikin shinge ba, a tsakanin gonakin gero da wake. A tsakiyar shekarun 1990 sun ragu zuwa kusan 50. Aka hana taɓa su, aka sa 'yan ƙauyukan suka zama masu yi wa baƙi jagora, aka tallafa musu da rijiyoyi da ƙananan rance, sai ga su sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Suna cin waken mutane, ana ƙorafi, amma ana haƙuri da su saboda ana ganin amfaninsu. Mu a nan raƙumin dawa sai a gidan zu.

Gandayen nan ba su ne suka zama maɓoyar 'yan bindiga ba? Ba gara a raba wa manoma ba?

Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya koma abin tsoro. Kamuku da Kwiambana da ke maƙwabtaka da shi a Zamfara, da wasu sassan Kainji, duk sun sha fama. Amma a lura da yadda abin ya faru: sai da aka bar wuraren ba sintiri, hanyoyin ciki suka mutu, ma'aikata suka rasa mota da albashi, sannan miyagu suka samu wuri. Dajin da ake zagayawa kullum, wanda mutanen gefensa ke kai rahoton baƙuwar fuska, yana da wuyar zama sansani. Rabawa kuma ba ta ƙare matsalar ƙasa. Cikin 'yan shekaru za a nome shi, a rasa dajin da ke riƙe ruwan koguna, buƙatar fili kuma ta dawo yadda take.

Ina son kai iyalina Yankari. Me ya kamata in sani?

Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, inda ake biya a yi rajista. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki kimanin kilomita 40 ne, a yi tafiya a hankali don dabba na tsallaka titi. Lokacin ganin dabbobi shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo. Ba a shiga daji sai da ɗan jagora na gandun, ba a sauka daga mota sai inda ya ce, ba a kunna kiɗa, ba a zubar da leda. A tambayi halin hanya kafin a tashi, kuma a isa da rana.

Ku roƙi jagoran ya kai ku kogunan Marshall da aka fafe cikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da wuraren da mutanen dauri suka narka tama, don yara su ga cewa dajin na da tarihin mutane ma. Ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, garau har ana ganin yashin ƙasa. Gwaggon birin sansanin kuwa kada a ba su abinci ko da wasa. Sun saba da mutane har sun iya buɗe ƙofar mota da jaka, kuma babban namiji na iya yi wa yaro rauni, saboda haka a kulle ɗaki da taga ko da minti biyar za a yi a waje.